Butar Zulema

Evaristo Iribarne bai taɓa gyara abu yadda ya kamata ba tunda uwarsa ta haife shi, kuma babu abin da ya taɓa ƙin yi masa aiki. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi game da shi, kuma na haura shekara sittin ina jin haushin. Ni Nicanor, mai gyaran wutar mota a nan Tres Arroyos, ba na ɗaura waya guda sai na zana ta a takarda, na auna kaurinta, na san nauyin da za ta ɗauka. Shi kuwa in salansar motarsa ta faɗi, sai ya tsaya bakin gonar wani, ya yanki wayar shinge ya ɗaure, ta shekara goma ba ta motsa ba. Ni in na gwada haka, kafin in kai kwanar gidanmu ta zube.

Layi ɗaya muka tashi, benci ɗaya muka zauna a makaranta. Ni nake yin lissafi, shi yake kwafa, shi malama take shafa wa kai. Da muka girma ya zama direban bas, ya yi shekara talatin da huɗu yana jigila tsakanin garinmu da bakin teku a Claromecó. Tsofaffi suna ba shi sautun magani, manoma suna jiran sa a bakin hanya da cuku da zuma. Ga tumbi, ga dariyar da ake ji daga layi na biyu, ga waƙa da wata murya da ba ta da daɗi ko kaɗan, amma in ya ɗauko baiti sai fasinja sun amsa. Ranar da ya yi ritaya saniya guda aka gasa a harabar kulob. Ranar da na cika shekara arba'in a shagona, ni kaɗai na san da zancen.

Sai kuma Zulema. Ni na fara ganin ta, wannan ko shi ba ya musu. Daga kudu ta zo, daga wani ƙauye a bakin tafki can wajen Aluminé, tana 'yar shekara goma sha tara, ta kama aiki a gidan burodin kan kwana. Na yi wata shida ina sayen burodin da ba na ci, ina tsara yadda zan yi mata magana. Har rubutawa na yi. Ranar rawa a kulob na ja Evaristo ya raka ni don in sami ƙarfin gwiwa. Ina tsaye jikin bango ina bitar kalmomina a zuci, sai ya taka ya je ya ce mata, "Abokina wancan siririn yana so ya yi rawa da ke, amma yana lissafi tukuna. Kafin ya gama, zo mu rage lokaci." Bayan wata takwas ni na tsaya masa shaida a coci.

Ban yi aure ba. Kada wani ya ce saboda ita ne. Ban dai ga wadda ta yi mini ba, kuma ban duba sosai ba. Kowace Lahadi a gidansu nake, a gasa nama a ci, sannan a zauna shan mate, shayin ganyen da muke zuƙa da bututun ƙarfe daga ƙoƙo ɗaya. Zulema ce mai zubawa. Ta cika ƙoƙon da ganye, ta zuba ruwan zafi, ta shanye na farko mai ɗaci, ta sake cikawa ta miƙa wa mijinta, na uku kuma nawa. Shekara arba'in ni ne na uku. Na san ba wani abu ba ne, amma ina ƙirgawa.

Sai aka daina kira na. Wata Lahadi Evaristo ya ce Zulema ba ta jin daɗi, ta gaba ya ce za su je wurin 'yarsu Graciela a Bahía Blanca, daga nan shiru. In na bi ta layinsu sai in ga labule a sake. Na ce to madalla, an gaji da ɗan rakiya. Ban tambaya ba, don ni ba na roƙon gayyata. Shekara guda da rabi muka yi a haka, in mun haɗu a hanya ya ɗaga hannu, in ɗaga haɓa.

Cikin zafin Disamba, don mu a nan lokacin ne bazararmu, ina ƙarƙashin sitiyarin wata mota, na ji a-kori-kurarsa ta tsaya a ƙofar shago. Da na fito sai na ga tana jan wani ɗan gida mai taya, tsoho, mai siffar ƙwai, tsawonsa bai wuce taku huɗu ba. Ƙofarsa da wayar shinge aka ɗaure ta.

"Flako, kana raye?" in ji shi. Sunan da yake kira na ke nan tun muna yara, saboda ramata.

"Da ka damu ai da ka zo jana'izar."

"Haba, kai da ko mutuwa sai ka zana ta a takarda tukuna." Ya buga jikin gidan da tafin hannu. "Wuta nake so ka tsara mini a nan. Zan kai tsohuwata Zulema kudu, bakin tafkin da aka haife ta. Shekara ashirin rabonta da wurin. Dole mu je mu dawo kafin sanyin Afrilu ya rufe hanya, kuma a can babu turken wuta ko ɗaya."

"Ku jira baɗi mana. Tafkin zai gudu ne?"

"Bana za mu je," ya ce, kuma wannan karon bai yi dariya ba.

Abin da ya sa maganar ta soke ni shi ne, a bayan shagon nan akwai nawa gidan mai taya a ƙarƙashin tamfol. Shekara tara ina haɗa shi. Batir biyu na zamani marasa ruwa, faifan sola uku a rufi, kowace waya da lambarta da fis ɗinta. Babu irinsa a lardin nan kaf. Bai taɓa fita daga bayan shago ba, don kullum akwai ɗan abin da ya rage, kuma in gaskiya za a faɗa, mutum ɗaya bai cika son zama a tebur mai kujera biyu ba. Shi kuwa ranar Asabar ya sayi wannan tarkacen, kuma nan da wata biyu zai kama hanya da matarsa a gefe.

Ina da yadda nake aiki, kuma ba na canza wa kowa. Na ce ya je ya rubuto mini duk abin da za su kunna, tun daga farkawa har kwanciya, da tsawon lokacin da kowanne zai yi a kunne. Daga wannan takardar ake sanin girman batir da yawan sola da kaurin waya. Washegari ya kawo mini a bayan takardar burodi, da rubutunsa irin na kaza.

Na tsaya ina karantawa, raina yana ɓaci. Ɗan firiji, dare da rana. Famfon ruwa. Rediyo awa biyu da yamma, tashar da take so. Ƙaramar fitila a gefenta, kada ta mutu har gari ya waye. Ƙararrawa a ƙofa, wadda ke ƙara in an buɗe. Ba takardar wuta na gani ba, zaman mutum biyu na gani, layi bayan layi, kuma ko'ina ita ce.

"Ƙararrawa kuma? Ɓarayi kake tsoro? Me za su sata, tumbinka?"

"Ka dai sa ta. Na ciro ta gida na zo da ita."

Sai layin ƙarshe: butar lantarki, sau biyar a rana. Irin butar nan da ke kashe kanta kafin ruwa ya tafasa, daidai zafin mate.

"Ka san abin da ka rubuta kuwa?" na ce. "Butar nan ita kaɗai wat dubu biyu take sha. Ƙwan fitila ɗari biyu ke nan a lokaci guda. A batirin bolt goma sha biyu, sai an yi mata waya mai kaurin babban yatsana, da ƙatuwar inbata da za ta mayar da wutar irin ta gida. Duk ƙasar nan, daga arewa har ƙarshen kudu, mai gida mai taya da gas yake ɗumama ruwan mate. Ina murhun da ke ciki?"

"Na cire shi. Girki a waje zan riƙa yi da itace."

"Ka cire. To mayar da shi."

"Ba gas, Flako."

"Saboda me?"

Ya juya hularsa a hannu, ya dubi ƙasa. "Haka take so."

Haka take so. Shekara guda da rabi an rufe mini ƙofa ba bayani, yanzu an zo in zauna in yi gumi don gimbiya ba ta son ƙyasta ashana. Na ce masa ya dawo bayan mako biyu.

A nan zan faɗi abin da na yi, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Na san abin da aikin yake buƙata tun kafin in ɗauki fensir: batir biyu masu ƙarfi, babbar inbata, sola mai yawa. Abin da na zana kuwa batir ɗaya ne na ruwa irin na mota, da faifan sola guda, da inbatar da ta isa da ƙyar. Na ce wa kaina wurin ne ya yi kaɗan. Ƙararrawar da ya kawo ta gida ce, wutar gida take so, sai na jona ta a jikin inbatar na huta, maimakon in nemo wadda za ta sha kai tsaye daga batir.

Kuma akwai dokata da kowa a garin nan ya sani: ba na gwada aikin gida mai taya sai da sassafe, kafin rana ta taɓa sola, bayan firiji ya kwana yana tsotsar batir. A lokacin ne ake ganin ainihin abin da ya rage. Na Evaristo da tsakar rana na gwada shi, rana tana dukan rufi, batir a cike taf. Ya danna butar, ta yi gurnani, bayan minti uku ta kashe kanta. Ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

Allah ya sani ba cuta na nufa ba. So nake sau ɗaya tak a rayuwarsa abu ya ƙi yi masa aiki. So nake ya tsaya da buta mai sanyi a hannu, ya ce a gaban Zulema, "Sai an kira Nicanor."

Ya ce za su gwada kwana ɗaya a Claromecó, can bayan tuddan yashi inda masunta ke kafa tanti, inda babu wuta. Ranar Lahadi tun da jijjiɓi na ɗora wani batir cikakke a bayan motata, na sa riga mai tsabta, na kama hanya. Har na tsara abin da zan faɗa in na isa.

Ƙarfe bakwai saura na iso. Na tarar da ƙofar gidan a buɗe, ba kowa a ciki, jar fitilar inbata tana ƙyafta ido. An danna butar, batirin ya kasa, inbatar ta ɗauke, kamar yadda na lissafa. Abin da ban lissafa ba shi ne ta ɗauke har da ƙararrawar. Sai na ji muryar Evaristo can a kan yashi yana kiran sunan matarsa, da wata irin murya da ban san yana da ita ba. Na hango shi babu takalmi, babu riga, yana gudu wajen teku.

Ni na fara ganin hayaƙin, baƙi, yana tashi daga bayan tantin wasu masunta da suka tafi bakin ruwa. Na ƙwala masa kira, muka isa kusan tare. Zulema ce tsaye da rigar barci, a gaban murhun gas ɗin mutanen. Ta kunna shi, ta ɗora butar lantarkin a kan wuta. Gindin robar ya narke yana ɗiga, wuta tana lasar hannun butar, ita kuwa ta sunkuya a kai tana jira. Evaristo ya fizge butar da hannu tsirara ya yi jifa da ita cikin yashi, ni na rufe gas.

"Ruwan bai yi zafi ba," ta ce masa a natse. "Za ka makara, bas ɗin ƙarfe shida ne."

Shekara bakwai ke nan rabonsa da tuƙa bas.

"Yau ba aiki, tsohuwata," ya ce, yana ɓoye hannun a bayansa. "Yau hutu ne."

Sai ta juyo ta dube ni. Gashinta ya yi fari fat, idon dai nata ne. Ta gyara wuyan rigarta don kunyar baƙo. "Ina kwana, yallaɓai. Fasinja ne kai?"

Evaristo ya shiga tsakaninmu.

Ya mayar da ita ciki, ya kunna mata rediyo, ya fito muka zauna a kan yashi inda muke ganin ƙofar. Na ɗebo ruwa a bokiti ya tsoma hannun. Tafin duk ya tashi. A nan ya gaya mini komai. Shekara biyu ke nan hankalinta yana zubewa kaɗan-kaɗan. Sau biyu ta bar gas a buɗe a gida. Graciela ta ce in aka yi na uku, za ta ɗauke ta ta kai gidan kula da tsofaffi a Bahía, har ta je ta duba ɗaki. Likita ya ce in akwai inda za a kai ta, a kai ta yanzu. Ɗakin otal tsorata ta yake yi, ta farka ba ta san inda take ba. Shi ya sa ya sayi gidan, ya rataya masa labulen kicin ɗinsu, don ko'ina suka kwana ta buɗe ido a ɗakin da ta sani.

"Butar kuwa," ya ce, "ita ce abu ɗaya da ya rage mata wanda take yi daga farko har ƙarshe ba a taya ta ba. Ta manta yadda ake ɗaura igiyar takalmi, amma ba ta manta haɗa mini mate da safe ba. In na karɓe wannan, me na bar mata?"

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ita ta hana. Lokacin da ta fara gane abin da ke faruwa, ta ce kowa ya gani ban da Nicanor. Ta ce kai babu abin da ke wuce ka." Ya girgiza kai. "Wutar nan da ta ɗauke kuwa, ni ne dai, Flako. Tabbas na taɓa wani abu jiya. Ka san hannuna, ba ya zama."

Da na yi shiru, da ya tafi kabari yana ganin laifinsa ne. 

"Ba ka taɓa komai ba," na ce. "Da rana na gwada."

Ya dube ni. Shekara nawa yana zama a shagona yana jin ina yi wa mutane ihu a kan gwajin safe. Na ga lokacin da maganar ta isa masa. Ya juya ya dubi motata, da batirin da ke bayanta, da rigata mai guga. Na so ya zage ni, ko ya mare ni da hannun da ya rage. Bai yi ko ɗaya ba.

"Graciela za ta zo ranar Laraba," ya ce kawai. "Za ta ga hannun nan."

A ranar na ja gidan zuwa shago, na yaye tamfol daga kan nawa. Aikin shekara tara na kwance shi cikin yini biyu. Na ciro batir ɗin nan biyu, da babbar inbata, da faifan sola uku, da wayoyin nan masu kaurin babban yatsa. Na sake zane daga farko, wannan karon da takardar burodin a gabana, kuma na karanta ta yadda ya kamata. Ƙararrawa da fitilar gefenta na ba su layinsu kai tsaye daga batir, kowacce da fis ɗinta, ko komai ya mutu su suna nan. Na yi yadda in batir ya yi ƙasa, firiji ne zai fara ɗaukewa, rabon butar safe yana ajiye. Na ja waya daga motar don ta riƙa cika batir suna tafiya. Na kafa mita mai manyan lambobi, mai nuna abin da ya rage a batir, a inda zai gani daga kwance. Sabuwar buta na sayo, iri ɗaya da waccan har launi, don kada ta ga baƙon abu. Ƙofar ma na kwance wayar shingen na sa mata makulli, ko da yake ya ce waccan ta fi ƙwari.

Ranar Laraba Graciela ta shigo shagon fuskarta a ɗaure. Tun tana goyo take ce mini kawu.

"Kawu, Baba ya ce wai a wurin gashin nama ya ƙone. Shekara hamsin yana gashi bai taɓa ƙonewa ba. Mama ce, ko?"

"Ni ne," na ce. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba sai dalilin, don wannan ba na yara ba ne. Na shimfiɗa mata sabon zanen, na bi da ita layi-layi. Na ce ta ba ni safiya uku a jere, ta zo ta gani da idonta, in butar ta gaza ko sau ɗaya ni da kaina zan ce kada su tafi.

"Kai ka yi kuskuren lissafi?" ta ce. "Kai?"

"Tsufa ne."

Ba ta yarda ba, na gani a idonta, amma ta ɗauki hutun kwana uku.

A tsakar gidansu muka ajiye gidan mai tayar, nesa da soket. Suka kwana ciki, firiji a kunne, fitila a kunne. Ƙarfe shida da rabi ni da Graciela muna tsaye a waje. Safiyar farko muka ji motsi, muka ji gurnanin buta, muka ji ta kashe kanta. Safiya ta biyu, bayan an yini da hadari, sola bai sami komai ba, duk da haka ta yi. Safiya ta uku ƙararrawar ta yi ƙara, Zulema ta leƙo da ƙoƙo a hannu, ta ga mutane, ta ce mu shigo mana, ana tsayuwa a ƙofar mutane ne?

Muka matsu mu huɗu a ɗan teburin. Ba ta san ni ba. Graciela ma sai da ta ɗan yi jim kafin ta kamo sunanta. Ta cika ƙoƙon, ta shanye na farko. Ta sake zubawa ta ba Evaristo, ya karɓa da hannun da ba a naɗe ba. Da ya dawo mata da shi ta cika, tana magana da 'yarta, ko dubana ba ta yi ba, hannunta ya tafi hagu da kansa, inda nake zama shekara arba'in. Na karɓa. Na jima ban sha ba har sai da Evaristo ya ce, "Ba makirufo ba ne, Flako, sha ka miƙo."

Farkon Fabrairu suka tashi. Na bi shi har bakin mota ina maimaita masa: ya ajiye gidan faifan sola yana duban arewa, kada ya shiga inuwar itace don daɗin barci, kada ya ɗaure mini komai da wayar shinge. Na ce kowace safiya kafin buta ya ɗauki hoton mitar ya turo mini. Ya ce to, malam likita. Bai taɓa tayar da zancen gwajin rana ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ma ina jin haushinsa, don ni da aka yi mini haka da har yanzu ba na gaisuwa.

Hotunan suka riƙa zuwa, wani lokaci su makara kwana biyu saboda rashin sabis. Saba'in da ɗaya cikin ɗari. Sittin da takwas. Sittin da huɗu ranar da aka yi ruwa. A kusurwar kowane hoto akwai gefen labulen kicin, wani lokaci da hannunta riƙe da ƙoƙo. Ni dai lambar nake dubawa.

Kwana na tara ya kira ni daga kan wani tudu inda ake samun sabis. Sun isa. Ya ce da ta sauko ta ga ruwan, ta kira sunan tafkin da kanta, ta nuna inda gidansu yake a da, ta nuna dutsen da uwarta take wanki. Ya ce tun da suka zo ta koma 'yar shekara goma sha tara, sai zancen gidan burodi take yi da rawar kulob.

"Yau da safe ta tambaye ka," ya ce.

"Kada ka yi mini ƙarya, Evaristo."

"Ba da suna ba. Tana zuba mini mate sai ta ce, abokin nan naka siriri da ke tsaye jikin bango, ya gama lissafin kuwa?"

Ina tsaye a bayan shago, kusa da nawa gidan, wayoyi sun fito daga cikinsa ba sa zuwa ko'ina. Na nemi wurin zama na zauna a kan matakinsa.

"Me ka ce mata?"

"Na ce ya gama. Na ce ya fito daidai."

Na ji muryarta daga nesa tana kiran sa, wai ruwa zai huce. Ya ce mini sai gobe, ya kashe. Mutumin nan yana wanke ta, yana ɗaura mata takalmi, yana barci da kunne ɗaya a ƙofa, kuma ya san nan gaba kaɗan shi ma za ta tambaye shi ko fasinja ne. Na san duk wannan, kuma ina kishinsa fiye da ranar da na tsaya masa shaida a coci. Washegari hoto ya zo ƙarfe bakwai saura, sittin da tara.